Takardar Gwajin Husna

Ni na rubuta takardar da ta raba Husna da ɗanta, kuma da rubutu mai kyau na rubuta ta, don ranar sabon biro gare ni. Sunana Iklima, aikina gwajin jini a wani asibiti nan Jega. Shekara tara ina ɗibar jinin mutane. Na ga ƙattin da ke ɗaukar buhun albasa da hannu ɗaya suna kiran innarsu don sun hango allura, na ga masu tambayata ko gwaji zai nuna wanda ya yi musu asiri. Amma gidan da lafiya ta zama laifi ban taɓa gani ba sai gidan maƙwabcinmu Alhaji Rufa'i, babba a cikin rundawan Sabon Gari, wato mahauta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Husna matar ɗansa Ɗalha ce, 'yar mutanen Liba, yarinya mai yawan dariya da saurin aiki. A farkon bazarar bara wata ƙungiya ta kawo gwajin ciwon hanta kyauta na kwana uku, ni kuma na leƙa ta katanga na ce mata ta zo. Ta zo goye da ɗanta na fari, Khalil, ɗan wata bakwai, kumatu kamar an hura. Na ɗebi jininta, na juya shi a na'ura har ruwansa ya rabu ya taso sama, na ɗiga a kan ɗan farantin gwaji muka zauna jira.

Abin da farantin ke yi ba wani tsafi ba ne. Yana da tagogi, kowace da abin da take nema. Ta farko tana neman ita ƙwayar cutar, ko in ce rigar da take sanye da ita, wadda mu a wurin aiki muke kira antijin. Ta biyu tana neman masu gadin da jiki ya ƙera don su kama wannan ƙwayar da zarar sun gan ta, su ne antibodi. Idan layi biyu suka fito a tagar farko, ɓarawo yana cikin gida. Idan a ta biyu suka fito, gida yana da masu gadi. Na Husna a ta biyu suka fito, tagar farko kuwa fes. Na tambaye ta ko an taɓa yi mata rigakafi, ta ce kafin aurenta ta yi aikin shara da wanke-wanke a wani ƙaramin asibiti a Aliero, kuma duk ma'aikatan an yi musu allura uku. Na ce to ai ke kin haye, a layin nan kaf ba na jin akwai wadda ta fi ki tsira. A takardar sakamakonta na zana alamar ɗebewa a layin farko, na zana ta tarawa a na biyu, na sa hannu, ta tafi gida tana murna.

Murnar ce ta kai ta. Ta nuna wa mijinta, shi kuma Ɗalha da yake bai yarda da abin da mace ta karanta masa ba, sai ya kai wa ɗan baffansa Shamsuddeen. Shamsu yana da shagon magani a bakin titi, kuma tun ranar da ya sayi farar riga mai aljihu uku unguwa take kiransa Dokta. Karatun likitancinsa bai wuce na bayan kwali ba. Ya ɗaga takardar sama, ya sauko da ita, ya sa tabarau, ya cire, ya tsallake layin farko kamar kwata, ya dire yatsa kan alamar tarawa ya girgiza kai.

"Fozitib na," in ji shi. "Ciwon hanta na, irin mai tsanani. Ko gumin mai shi anka taɓa an ɗauka."

Kafin la'asar an yi zama a zauren Alhaji, kafin magariba an yanke hukunci, kuma ba a kira mai jinin ba balle wadda ta gwada shi. Akwai wani ɗaki a bayan gidan da Alhaji ke tara albasar da yake saya a Aliero idan ta yi araha. Aka kwashe sauran buhunan, aka share, aka kai wa Husna katifa da buta da kwano ɗaya da moɗa ɗaya. Surukarta Inna Asabe ta ɗaura wa moɗar jan zare don kada a yi kuskure. Aka hana ta girki, aka hana ta taɓa randa, aka ware mata igiyar shanya. Duk wannan Husna ta ɗauka ruɗani ne na kwana ɗaya wanda zan zo in warware. Sai da Inna Asabe ta miƙo hannu, ta nannaɗe shi da gefen zani, ta ce a kwanto mata yaron, sannan ta gane abin ba na wasa ba ne.

Ba su ce ƙwace ba, yaye suka ce. Dama ai al'ada ce idan lokacin yaye ya yi a kai yaro wurin kakarsa, sai dai a nan an gaggauta da shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma ɗakin kakar taku ashirin ne daga na uwar. Ga kuma abin da ya fi ɗaure Husna: Khalil ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta nuna ɗokin ɗan fari a gaban surukai, ba ta kiran sunansa, ba ta tsayawa jayayya a kansa. Wadda ta yi haka an ce ba ta da kunya, kuma maganar za ta bi ta har gidan ubanta. Don haka ta kwance goyon da hannunta, ta miƙa, ta sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mata. An yaba mata a ranar, an ce 'yar gidan tarbiyya ce.

Washegari da na dawo aiki labarin ya iske ni, ban ko cire takalmi ba na shiga gidan. Na same ta zaune a ƙofar ɗakin albasa, gaban rigarta jiƙe sharkaf da nono, can kuma muryar yaron ta dishe saboda kuka. Na ce ta kwantar da hankalinta, yanzun nan zan gyara. Na faɗi haka da ƙarfin gwiwa, don a lokacin ina ganin duk wanda aka nuna wa gaskiya ƙiri-ƙiri zai karɓa.

Na nemi iso wurin Alhaji, na durƙusa na gaishe shi. Yana zaune kan buzu yana wasa askarsa a kan fata. Wannan askar ta gado ce, tun ta kakansa, kuma kowace safiyar Juma'a da ita yake yi wa kansa aski, ya yi wa duk namijin da ke gidan, don ya ce kan zuri'arsa ba ya zuwa hannun baƙo. Na yi masa bayani tun daga farko, na kawo ɓarawo na kawo masu gadi. Ya saurara tsaf, yana gyaɗa kai, har na fara jin daɗi. Sai ya ce shi ma abin da ya gane ke nan: ba a ajiye masu gadi inda ɓarawo bai saba shiga ba. Na ce Baba, allurar rigakafi ce ta sa su, tun tana aiki a Aliero. Ya ce madalla, ashe ma ga inda ta kwaso, wurin wanke jinin mutanen da ba a san asalinsu ba.

Ban daddara ba. Kwana biyu bayan nan na dawo da farantin gwaji sabo da ruwan jinina da na tace a wurin aiki, na ɗiga a gabansa da gaban Shamsu, don ni ma an yi mini allura ukun nan. Layi biyu suka fito a taga ta biyu, daidai da na Husna. Na ce to ga shi, ni ma haka nawa yake, kuma ga ni garau ina cin tuwo ina zuwa aiki. Alhaji ya leƙa farantin, ya dube ni, ya ja buzunsa baya kaɗan.

"Ashe ke ma kina da shi, ɗiyata. Allah shi ba ku lahiya. Amma in kin shigo gidanga, don Allah ki bar randa."

Shamsu kuwa cewa ya yi su ma'aikatan gwaji aikinsu ɗiga jini ne kawai, fassara sai likita. Ya faɗi haka yana gyara aljihun farar rigarsa. Na roƙi a bar Husna ta zo asibiti likita na gaske ya yi musu bayani, Alhaji ya ce ba za a yi ta yawo da mai cuta cikin gari ana tona wa gida asiri ba. Mahauci ne, in maganar ta fita wa zai sayi namansa.

Kwanakin Husna suka ci gaba da tafiya a ɗakin da warin albasa bai taɓa barinsa ba, ga zafin bazara ga rufin kwano. Ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta kwana huɗu, tana tatsa tana zubarwa a gindin katanga, yaron da ake zubar da abincinsa yana can ana ɗura masa kunu da cokali yana tofarwa. A mako na uku nonon ya fara janyewa. Ta ce mini da ma ya ci gaba da ciwon, ya fi mata sauƙi.

Abinci ana ajiye mata a ƙofa, a juye daga sama kada kwano ya taɓi kwano. Ɗalha yana zuwa kowace safiya kafin ya wuce mayanka, ya tsaya nesa da ƙofa ya tambayi jiki, ta ce da sauƙi, duk da jikin lafiyarsa lau. Ba mugu ba ne Ɗalha. Irin mazan nan ne da in ubansu ya ce rana ta fito daga yamma za su juya tabarma su fuskanci can. Na tare shi a hanya na ce ya zo in gwada shi, in kuma sake gwada matarsa a gabansa. Ya ce shi namiji ne mai cin nama kullum, me zai same shi. Game da matarsa kuma ya ce ai ba korar ta aka yi ba, ana ba ta ci da sha, wasu gidajen da tuni sun sallame ta. Ya ƙara da cewa shi ma yana cikin jarrabawa, ga shi da mata amma kamar gwauro.

Inna Asabe tata hujjar ta fi ta kowa tsafta. Ta ce don jikanta take yi, kuma in an tashi lissafin wahala ita ce mai shan ta, ita ke goyo da tsufanta, ita ke wanke kashi. Idan za ta yi wa yaron wanka takan yi a tsakar gida, Husna kuma ta gano cewa in ta tsaya wurin igiyar shanyarta tana iya hango shi ta tsakanin rumbu da bango. Saboda haka kullum da hantsi sai ta wanke zani, ko bai yi datti ba, ta tsaya tana shanyawa tana gyarawa har a gama wankan. Ko hannu ba ta ɗaga wa yaron. Wata rana yaron ya hango ta ya miƙo hannu yana zillo, sai washegari aka mayar da wanka cikin ɗaki, wai kada a dinga tayar masa da hankali.

Husna ta saƙa masa hula da zaren da na kawo mata. Inna Asabe ta karɓa da sanda, ta tsoma a tafasasshen ruwa, hular ta tsuke har ba za ta shiga kan 'yar tsana ba.

Mahaifin Husna ya zo daga Liba da ya ji labari, tsoho mai sanyin magana, ƙafafunsa duk faso. Na yi masa bayani a soro, ya fahimta sarai, ya fi duk masu tabarau saurin ganewa. Amma da ya shiga wurin Alhaji aka kawo masa fura da soyayyen nama, aka yi ta ba shi girma, sai nauyi ya kama shi. Ya fito ya ce wa 'yarsa ta yi haƙuri, shi ba zai iya buɗe baki ya nemi ɗan fari daga hannun kakanninsa ba, ko a Liba ba a yin haka. In tana so ta bi shi gida ta huta. Ta ce a'a. A nan ko ba komai tana jin muryar yaron.

Abu ɗaya ta taɓa roƙa, shi ma ta bakina, kuma ba ta ambaci suna ba. Ta ce in roƙi Baba a bari a kai yaron nan rigakafi. Khalil a gida aka haife shi, kuma ko allura ɗaya ba a taɓa yi masa ba, don Alhaji ya ce ba a huda jikokinsa da ƙarfen da bai san wanda ya ƙera ba. Na kai saƙon. Ya ce allura uku aka yi wa uwar, ga inda ta ƙare, shi ne ake so a fara wa ɗan.

Da damina ta sauka yaron ya riga ya zube. Kumatun nan sun tafi, gudawa na zuwa tana komawa, cikinsa ya yi tulu. Shamsu ya gwada masa maganin ruwa kala huɗu, kowanne da launinsa. Da abin ya ƙi, Alhaji ya danna cikin da yatsa ya ce saifa ce, kuma maganin saifa a gidansu sananne ne, shi ma an yi masa, ya yi wa Ɗalha yana jariri. Ranar wata Juma'a bayan ya gama askin kansa da na mazan gida, ya goge askar a gefen riga, aka riƙe masa yaron, ya yi masa tsaga bakwai a gefen ciki ya shafa baƙin magani. Husna tana jin ihun daga ɗakin albasa. Ta gaya mini ta fito har tsakiyar gida, Inna Asabe ta dube ta ta ce ina kunyar, sai ƙafarta ta ƙi gaba. Ni ina wurin aiki ranar, da na dawo na ji, na shiga banɗaki na yi kukana don takaici.

Wata biyu da rabi bayan nan, da hantsi, ina cikin aiki na ji hayaniya a ƙofar ɗakin yara. Khalil ne a hannun Inna Asabe, ya yi laushi, tafin hannunsa da cikin idonsa fari fat. Zazzaɓin cizon sauro ya same shi a kan yunwa ya cinye jinin. Likita ya duba ya ce sai an ƙara jini, kuma yau. Na ɗebi ɗan kaɗan daga jikin yaron don in san rukuninsa, na fito na ce masu bayarwa su biyo ni.

Nan fa maza suka motsa. Alhaji ya naɗe hannun babbar riga ya ce jinin gidansu ba a nemansa a waje, a fara da shi. Ɗalha ya bi bayansa. Shamsu, wanda ya zo da farar rigarsa don a san da shi, ya tuna cewa yana azumin nafila, ga shi kuma ya bar shago a buɗe. Na ce musu ƙa'ida ce ba a ɗaura wa kowa jini sai an gwada shi. Alhaji ya ce in gwada, in ga irin jinin da ake kira jini.

Na ɗiga, na jira minti goma sha biyar. Ban ma kai ƙarshensu ba layukan suka fito, biyu-biyu, a tagar farko, ta uban da ta ɗan. Na sake da sababbin faranti don kada a ce ƙiyayya ce, suka sake fitowa. Ba zan ɓoye ba, wani abu mai kama da daɗi ya taso mini, sai na tuna yaron da ke kwance da tabo bakwai a ciki, daɗin ya koma tsoro. Na kai wa likita sakamakon, na gaya masa labarin askar, ya ce in gwada jinin yaron da na riga na ɗiba.

Kafin nan ana bukatar jini, kuma ma'ajiyarmu babu irin nasa. Na fita waje na sami Husna a tsaye bayan bishiyar dalbejiya, ta biyo su a ƙafa ba da izinin kowa ba, ba ta kuma yarda ta matso ba. Na kama hannunta, hannun da wata biyar ba wanda ya taɓa sai ni, na ja ta ciki. Rukuninsu ɗaya da ɗanta, na haɗa jinin biyu ban ga sun yi faɗa ba, sauran gwaje-gwajen duk fes. Kafin azahar jininta yana sauka a jijiyar Khalil, kafin la'asar leɓɓansa sun fara yin ja.

Likita ya tara su a ofis ya yi musu bayanin da na yi wata biyar ina yi, sai dai shi namiji ne kuma farar rigarsa ta gaske ce. Ya ce Husna ba ta da ciwon hanta, ba ta taɓa zama haɗari ga kowa ba, kuma allura ukun nan ne suka tsare ta shekara biyu a ɗakin mijinta. Ya ce Alhaji da Ɗalha suna ɗauke da ƙwayar, wataƙila tun suna yara, kuma za a ci gaba da duba hantarsu. Ya ce ba a ɗauka ta moɗa ko gumi ko igiyar shanya, ta jini ake ɗauka, ta aska da allura da makamantansu. Sannan ya numfasa ya ce yaron ma an same shi da ita, kuma wanda ya kamu yana ƙarami haka, galibi da ita yake girma.

Husna ba ta yi kuka a wurin ba. Ta juyo ta tambaye ni a hankali ko a tagar farko layin ya fito, na ce e. Ta gyaɗa kai, don zuwa lokacin ta fi Shamsu iya karanta farantin.

Ina jira in ji wani ya ce ya yi kuskure. Alhaji ya ce komai ƙaddara ce, kuma askar kakansa ta aske kai ya fi dubu ba a taɓa cewa ta yi wa wani illa ba, sai yanzu da aka ƙirƙiro faranti. Ɗalha ya tambayi likita ko dole ne abokan sana'a su sani. Inna Asabe ta ce ita tun farko ba ta yarda a sa wa yaro jinin uwar ba, ga shi nan an sa, cuta ta bayyana. Na ce Inna, jinin da na gwada tun safe na ɗebe shi, kafin a ɗaura komai. Ta ce to a nono ya sha. Da likita ya ce ita ma ya kamata a gwada ta, ta ce ita ba a ɗibar jininta, tsohuwa ce.

Ba zan dafa Alƙur'ani in ce askar ce ba, don ban ga ƙwayar tana tsallakawa da idona ba. Abin da na sani shi ne uwar ba ta da ita, an ɗauke yaro daga hannun da ya fi kowane hannu aminci a gidan, an hana shi nono, an hana shi rigakafi, an yanka shi sau bakwai da ƙarfen da aka gama aske masu ɗauke da cutar. Kuma duk wanda ya sa hannu a ciki don yaron ya yi, haka suka ce, haka kuma suke cewa har gobe.

Bayan kwana shida aka sallame su. Na raka su gida don ina so in ga yadda za a yi da masu cutar na gaske. Ba a yi komai ba. Alhaji ya zauna kan buzunsa, aka kawo masa ruwa a kofin da kowa ke sha, Inna Asabe ta ce ai likita ya ce ba a ɗauka ta nan. Ashe kunnenta yana ji, zaɓe yake yi. Ɗalha ya ci tuwo kwano ɗaya da ƙannensa. Ba wanda ya kawo maganar ware wa maigida ɗaki, kuma daidai ne, bai kamata a ware kowa ba.

Yaron yana hannuna, don tun daga asibiti na lura Inna Asabe tana samun dalilin da zai hana ta ɗaukarsa, yau baya, gobe gwiwa. Da muka tsaya a tsakar gida ya hango ta, ya fara zillo yana miƙa mata hannu biyu, ita ce ai uwar da ya sani yanzu. Ta ja da baya, ta tattare zaninta.

"A miƙa mata ɗanta," in ji ta. "Ni na yi iyakar yi na. Yaro mai ciwo sai uwa tai. Ga sauran jikoki nan suna shiga ɗakina, ba ni son a gauraya."

Na ce Inna, yanzu kika gama cewa ba a ɗauka ta zama tare. Ta ce wannan na manya ne, yaro kuwa ga miyau ga fitsari, wa ya sani.

Haka Husna ta sami abin da ta yi wata biyar tana roƙon Allah a kai. Ba wanda ya ba ta haƙuri, ba wanda ya ce mata sannu da jinin da ta bayar. Na miƙa mata shi, ta karɓa, ta rungume shi a ƙirjin da babu ko ɗigon nono a ciki. Yaron ya dubi fuskarta bai gane ta ba, ya sandare, ya fasa kuka yana ture ta, yana juyawa yana neman kakarsa. Inna Asabe ta shige ɗaki ta saki labule. Husna ta juya shi ta goya da ƙyar, yana dukan bayanta da ɗan hannunsa, ta shiga zagaya tsakar gidan da shi tana jijjigawa, tana cewa ya yi shiru, ita ce, ita ce.